Tambayoyin Masu Karatu: Wane Injin Walda Zan Fara Saye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Zariya, Asabar da Lahadi ba abin da nake sai zaman majalisa, shi ne na ce bari in koyi walda a gida, irin in haɗa kejin kaji, ɗan teburi, murhun gawayi na uwargida, ba wai shago zan buɗe ba. Na shiga kasuwa an nunnuna min injina har kaina ya ɗaure, mai shagon kuma sai zuga ni yake wai in ɗauki MIG, shi ne na zamani. Don Allah wanne ya dace da ni?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya sa albarka a niyyar. Ka sayi ƙaramin inji mai inbata, wanda ake maƙala wa ilaktirod, wato sandar da ke narkewa ta haɗa ƙarfe, za ka ga an rubuta MMA ko ARC a jikinsa. Mai shago bai yi ƙarya ba, MIG, wato injin da ke ɗinki da waya maimakon ilaktirod, ya fi daɗin koyo kuma ya fi kyau a siririn ƙarfe, amma fa sai ka nemi tukunyar gas da nadin waya, gas ya ƙare ka tafi neman inda za a cika, in kuma a tsakar gida kake aiki iska tana kaɗawa ta kore gas ɗin, ɗinkin ya fito duk ramuka. Akwai mai wayar da ba ta son gas, sai dai wayar ba ko'ina ake samu ba. Ilaktirod kuwa ko shagon kayan gini na bakin layi za ka samu. Wani injin da ake ce wa TIG ma ka manta da shi yanzu, na masu aikin alminiyam da sitenles ne.

Wannan ƙaton tiransifoma na naɗin gida da kake gani a ƙofar masu walda yana da juriya ba ƙarya, amma ga nauyi ga shan wuta, kana kunnawa ƙwan fitilar maƙwabta ya fara lumshe ido, kafin magariba an kawo ƙararka wajen mai unguwa. Inbata kuwa hannu ɗaya za ka ɗauke shi, kuma ya fi haƙuri da wutar NEPA in ta zo ba ƙarfi.

Inda ake cutar mutane shi ne lambar da ke jikin kwali. Za ka ga an rubuta amp (ma'aunin ƙarfin wutar inji) 300 ko 400 a jikin injin da bai kai kwalin takalmi ba, yawancinsu ba sa kai wannan, kuma kai ba ka ma buƙata. Ilaktirod ɗin da za ka fara da shi mai lamba 6013 ne, geji 12, wato kaurin milimita 2.5, amp 60 zuwa 90 ya ishe shi, geji 10 mai milimita 3.2 kuma wajen 90 zuwa 130. Ka ga inji mai 140 ko 160 na gaskiya ya gama maka komai. Ka duba ɗan allon bayansa, in an rubuta 60% a gefen wani amp, ma'ana minti 6 cikin 10 zai yi yana aiki a wannan ƙarfin sannan ya huta. Kuma ka ce a jona a gwada a gabanka, ka ɗaga wayoyin ka ji nauyi, in sun yi sakayau alminiyam ne aka shafa wa kalar tagulla, da wuri suke ɗaukar zafi.

Janareta fa? Wancan ƙaramin na kunna fanka da talabijin kar ma ka gwada, sai wajen 5kVA zuwa sama.

Kar ka ƙarar da kuɗin duka a inji. Giranda dole ce, da safar hannu ta fata, da hular walda mai gilashi lamba 10 ko 11, in da hali mai yin duhu da kanta. Baƙin tabarau na gayu da yaran shago ke sawa ba ya tare komai, tambayi duk wanda ya taɓa kwana yana hawaye kamar an zuba masa yashi a ido. Ka kori yara daga wajen don su ma kallon hasken suke, kar ka tsaya a jiƙaƙƙen ƙasa da silifas, kuma ko da wasa kar ka sa wuta a duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko an ce maka an wanke. Faif mai rufin zinki shi ma hayaƙinsa na sa zazzaɓi, a fili ake yinsa.

Tunda Kaduna ba nisa, ka leƙa Panteka ka auno guntayen angul masu kaurin milimita 3, a kansu za ka koyi hannu, don siririn faif ɗin teburi in ka fara da shi hujewa kawai zai riƙa yi. Ilaktirod kuma a ajiye inda ba danshi, musamman da damina. Murhun uwargida a bar shi sai hannu ya faɗa tukuna.