Fatawa: Direban da tayarsa ta fashe aka rasa rai, da kuskuren ƙarin jini a asibiti

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban haya ne, ina jan bas mai cin mutum 18 tsakanin Kano da Kaduna. Wata uku da suka wuce, kusa da Kwanar Dangora, tayar baya ta fashe, motar ta ƙwace mini ta wuntsila. Wani dattijo ya cika nan take. Wata mata kuma ta karye a cinya, aka kai ta asibiti tana magana da bakinta, bayan kwana biyu ta rasu, daga baya muka ji cewa jinin da aka ƙara mata ba irin nata ba ne. Ba zan ɓoye ba, tayar ta gwanjo ce kuma na san ta suɗe, na gaya wa mai motar ya ce in lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Mutum 22 na ɗauka, ina gudun kusan kilomita 120. Iyalan dattijon sun ce sun yafe, kowa yana ce mini tsautsayi ne, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Me ke kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, bisa faɗin gaskiyar da za ka iya ɓoyewa.

Maganar da ake yi maka cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa gaskiya ce ta fuskar imani, domin babu ran da zai mutu sai ajalinsa ya yi. Sai dai ƙaddara ba ta ɗauke wa mai sakaci alhakin sakacinsa, kuma ba don haka ba da Allah bai saukar da aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ba, inda Ya wajabta wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure 'yanta bawa mumini da miƙa diyya ga iyalansa, sai fa idan sun yafe, wanda bai samu ba kuma ya yi azumin wata biyu a jere. Wanda ayar take magana a kansa bai yi nufin kisa ba, mamacin kuma da ajalinsa ya mutu, amma duk da haka aka ɗora masa waɗannan haƙƙoƙi.

Malamanmu sun gina hukuncin mota a kan hukuncin dabbar hawa. Imam Malik a Muwaɗɗa, haka Ibn Abi Zaid a Risala, sun bayyana cewa mai jan dabba da mai kora ta da mahayinta duk suna lamunin abin da ta taka, wato biyan ɓarnar yana kansu. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a taronta na Burunai a 1993, ta tabbatar da cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direba ba ya kuɓuta daga lamuni sai idan haɗarin ya zo daga abin da ya fi ƙarfinsa wanda ba zai iya kauce masa ba, ko wanda aka cutar shi ya jawo wa kansa, ko laifin na wani ne daban. Da sabuwar taya ce mai lafiya ta taka ƙarfe ta fashe alhali kana tafiya bisa ƙa'ida, da na ce maka babu komai a kanka. Amma abin da ka bayyana ba haka yake ba. Iyakar gudun da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta yanka wa motocin haya a kan tagwayen hanya kilomita 90 ne a awa, ka wuce shi da 30. Taya mai nauyi fiye da ƙima a kanta, tana gudu a kan kwalta mai zafi, zafi take tarawa a cikinta har zarenta ya rabu da robar, kuma tsohuwa ta fi saurin kaiwa ga haka. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma mai sayen ta gwanjo sau da yawa bai taɓa duba su ba. Kai kuwa ma ba ka buƙaci dubawa ba, da idonka ka ga ta suɗe.

Saboda haka mutuwar dattijon kisan kuskure ce, kuma kaffara ta hau kanka. Yafiyar iyalansa diyya kawai take saukewa, domin ita ce haƙƙinsu, kaffara kuwa haƙƙin Allah ce, babu mai yafe ta. Tun da babu bawan da za a 'yanta a yau, azumin wata biyu a jere ya zama wajibi, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a maye gurbinsa da ciyarwa ba, saboda ayar ba ta ambaci ciyarwa ba. Ina jan hankalinka ga abin da ya shafi sana'arka: a mazhabar Malikiyya shan azumi saboda tafiya yana yanke jerantawa, sai ka koma farko, saɓanin shan sa saboda rashin lafiya. Ka zaɓi watanni biyun da Ramadan ko ranar Idi ba za su ratsa ba, kuma idan azumi zai sa ka gyangyaɗi a kan sitiyari, ka rage dogon zango a wannan lokacin, kada neman gyara ɓarna ya haifar da wata.

Akwai kuma abin da mutanenmu suke gafala da shi a wajen yafiya. Diyya gado ce da ake rabawa tsakanin magada, kowa rabonsa kaɗai yake da ikon yafewa. Idan babban ɗa ya miƙe a zaman makoki ya ce mun yafe, maganarsa ba ta hau kan matar mamacin da ba a tambaya ba, balle marayu ƙanana waɗanda waliyyinsu ma ba shi da ikon zubar da haƙƙinsu a banza. Ka bincika ko akwai irin waɗannan. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, wato kimanin giram 4,250, kuma a kisan kuskure dangin mai laifi na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su suke ɗaukar ta a cikin shekara uku. Inda wannan tsari ya yi rauni, malaman zamani sun ga cewa ƙungiyoyin sana'a da asusun taimakon juna za su iya tsayawa a madadinsu, kuma sulhu a kan abin da ya gaza haka ya halatta idan magada baligai sun yarda. Mai motar da ya ce ka lallaɓa yana da zunubin ganganci da rayukan mutane, hukuma tana iya hukunta shi, kuma ya kamata ya sa hannu a biyan, amma umarninsa bai wanke ka ba, domin kai ne ka tayar da motar.

Batun matar ya fi buƙatar natsuwa. Ƙa'idar malamai ita ce, idan mai jawo sababi da mai aikatawa kai tsaye suka haɗu a ɓarna ɗaya, ana jingina ta ga mai aikatawa kai tsaye. Kai ka jawo karayar, wannan babu shakka, kuma ramuwar raunin da kuɗin jinya suna kanka. Idan kuma ya tabbata cewa karayar irin wadda ake warkewa ce, kuma jinin da bai dace ba shi ya kashe ta, to diyyar rai da kaffara suna kan wanda ya yi wannan kuskuren. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya shiga yin magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, lamuni yana kansa, kamar yadda Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito. Ƙwararre ma bai tsira ba idan hannunsa ya kuskure, domin Imam Malik ya ce mai kaciyar da ya zarce ya yanke kan gaba diyya ta wajaba, aƙila ce za ta biya. Wanda ake ɗauke wa lamuni shi ne masanin da aka yi wa izini, ya bi ƙa'idar aikinsa, sannan cutar ta rinjaya. Ƙa'idar ƙarin jini kuwa sananniya ce: a gwada rukunin jinin majinyaci, a gwada dacewarsa da wanda za a ba shi, a karanta sunan da ke jikin ledar jinin a gefen gado a tabbatar nasa ne, sannan a tsaya a kansa mintuna 15 na farko, domin da zarar ya fara rawar ɗari ko zazzaɓi ko ciwon baya sai a tsayar. Tsallake ɗaya daga cikin waɗannan sakaci ne, ko da asibitin ya cika da majinyata.

Sai dai "mun ji" ba hujja ba ce a shari'a, kuma ba na halatta maka ka tuhumi wani ma'aikacin lafiya da jita-jita domin ka sauke nauyi daga wuyanka. Iyalanta su nemi bayanan jinyarta, likitoci amintattu waɗanda ba su da hannu a lamarin su duba, alƙali ya yanke. Idan ya bayyana cewa raunin haɗarin ne ya kashe ta, ko aka kasa tabbatar da kuskuren, to mutuwarta tana komawa ga haɗarin, sai kaffara ta biyu ta hau kanka, wata biyu daban, domin kowane rai da kaffararsa. Ka fara da ta dattijon tun yanzu tun da babu kokwanto a cikinta, ka je wa iyalan matar da kanka ka faɗa musu abin da ka faɗa mini. Allah ne Mafi sani.