Tsohuwar bindigar kaka, nawa za ta yi?

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kakanka. Ka ce ka tarar da ƙaramar bindiga mai tsatsa cikin akwatinsa a Daura, kana son sanin kuɗinta. Duba jikinta. In an buga Webley, irin ta sojojin Ingila ce, kuma samfurin Mark VI ya fito a 1915. Masu tara irinta a Turai suna duba ko lambobin sassanta sun dace, da yadda tsatsa ta ci bututun. Kar ka goge ta da yashi, darajarta za ta zube.

Amma fa a nan kar ka nemi dillali, don Allah. Dokar bindigogi ta 1959 ta hana mallakar irinta sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ka sanar da 'yan sanda tukuna.