Hulɗa da jama'a a harkar fasaha: dole sai an karanta kwamfuta?

Ka tambaya ko wanda bai karanta kwamfuta ba zai iya aiki a kamfanin hulɗa da jama'a mai yi wa kamfanonin fasaha hidima. Ƙwarai kuwa. Alƙalami ake nema, da saurin fahimta.

Injiniya zai zaunar da kai rabin awa yana bayanin sabuwar manhajar tsaron bayanai, ka fito kanka na juyawa, amma kafin a tashi aiki ana jiran sakin layi biyu da ɗan jarida zai karanta bai goge saƙon ba. Kuma ba kamfani ɗaya za a ɗora maka ba. Uku ne ko huɗu, kowanne yana ganin shi kaɗai gare ka, ga rubuta awannin da ka kashe wa kowa, wanda ni a ganina ya fi komai gundura.

Tunda masu sayen irin waɗannan manhajoji galibi kamfanoni ne, rahoton manazartan Gartner ko Forrester, wato kamfanonin da ke nazarin kasuwar fasaha, kan yi musu nauyi fiye da labarin jarida, don haka ka saba da karanta shi tun yanzu. Da farko jera sunayen 'yan jarida da bibiyar labarai za ka yi ta yi, sai daga baya a bar ka da abokin ciniki.