Kafin ka goya tukunyar iska: amsoshin wasiƙunku kan hutun nutso a teku

Wani Alhaji mai sayar da kayan gini a Garwa ya rubuto: "Malam, na ɗan tara wani abu, ina so in huta mako biyu bayan babbar sallah. Ɗana ya nuna mini bidiyon masu nutso da tukunyar iska a bayansu, a wani ɗan tsibiri da babu hayaniya. A bakin Binuwai na tashi, na iya ruwa. Wani ya ce in je Firinsipe tunda ya fi kusa, wani ya ce Moheli. Wanne zan ɗauka?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Duka biyun wurare ne da idon ɗan Sahel bai saba gani ba. Firinsipe maƙwabcinmu ne a mashigin tekun Gini, ƙanen tsibirin Sawo Tome, mutanensa ba su kai dubu goma ba, kuma a 2012 UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kare halittunsu. In ka taɓa zuwa Rumsiki ka ga duwatsun nan da suka miƙe kamar taɓarya, za ka ga 'yan'uwansu a can, sai dai su daji ne ya lulluɓe su. Layin aman wuta ɗaya ne ya haife su, ya taso daga duwatsun Mandara ya bi ta Dutsen Kamaru ya faɗa teku. To amma kusancin na taswira ne. Hanyar da aka saba bi ita ce Duwala, Libarbil, Sawo Tome, sannan ƙaramin jirgi. Kwana biyu na iya tafiya a filayen jirgi.

Moheli kuwa shi ne mafi ƙanƙanta cikin tsibirai uku na ƙasar Komoros, a tekun Indiya. Tun 2001 aka killace ruwan kudancinsa, kunkuran teku na hawowa yashin ƙauyen Itsamiya su yi ƙwai da dare, kuma daga Yuli zuwa Oktoba dabbobin nan masu girman tirela da Faransawa ke kira balen suna zuwa haihuwa. Daga Injamena ko Duwala sai ka bi ta Adis Ababa zuwa Moroni, babban birnin Komoros, daga nan ka tsallaka.

Ni dai Moheli zan ce maka, kuma dalilina ba kifi ba ne. Harshe ne. A Firinsipe Fotugisanci ake yi. A Komoros ana jin Faransanci da Larabci, mutanen Musulmi ne, ba za ka tsaya kana tambayar yankan nama ko alƙibla ba. Wanda zai koya maka yadda za ka yi numfashi a ƙarƙashin ruwa, dole ka ji kowace kalma tasa, ba ka riƙa gyaɗa kai don kunya ba. Shawara ɗaya kan tsallakawar: akwai 'yan kwale-kwale masu inji da suke kira kwasa-kwasa, suna da araha, amma in teku ta tashi ba wurin baƙo ba ne. Nemi kujerar jirgin sama ko da za ka kwana a Moroni kana jira. Kuɗi kuma ka riƙe yuro a hannu. Yuro ɗaya sefa 656 ne a wurinmu, kusan faran 492 na Komoros, kuma kada ka dogara da na'urar cire kuɗi a ƙaramin tsibiri.

Yanzu batun "na iya ruwa". Na yarda, amma yaushe rabonka da shiga? Kafin a ba ka takardar farko ta ƙungiyar koyar da nutso ta PADI, wadda ke ba ka damar sauka zuwa mita 18, sai ka yi iyo na mita 200 ba tsayawa, kuma ka yi minti goma a saman ruwa ba ka taka ƙasa ba. Ba a duba sauri. Tsarin ƙungiyar CMAS da Faransawa ke bi ma yana da nasa matakin farko, mita 20 tare da jagora. Je ka wurin iyo na wani otal a Garwa ka gwada kanka tun kafin ka sayi tikiti. Ban ce ka koma Binuwai ba, ka san dorina, ka san tsargiya.

Karatun kan ɗauki kwana uku zuwa huɗu, kuma yawancinsa kan abu ɗaya yake juyawa: nauyin ruwa. Duk mita goma da ka sauka, matsin da ke kanka na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya. Ranar da na fara sauka, ban kai mita uku ba na ji kamar an soka mini tsinke a kunnen hagu. Malamin ya riƙe kafaɗata, ya ɗaga ni kaɗan, ya toshe hancinsa da yatsu biyu ya nuna in hura a hankali. Na hura, kunnen ya ce ƙyas, zafin ya ɓace. Sai a lokacin na duba ƙasa na ga wani kifi rawaya, bai fi tafin hannu ba, yana tsattsagar murjani kamar kaza a bola, ko kallona bai yi ba. Abin da ya fi kunne haɗari shi ne huhu. Iskar da ka shaƙa a mita goma, in ka riƙe ta ka taso, tana ninka girmanta sau biyu kafin ka iso sama. Mu da muka koyi ruwa a kogi, riƙe numfashi muka sani, shi ne ma abin alfahari a cikin yara. A nan shi ne babban haram. Wannan ɗabi'ar ce za ka fi shan wuyar bari, Alhaji, fiye da wanda bai taɓa shiga ruwa ba.

Kafin ka tura ko dala, rubuta wa masu wurin. Masu koyar da nutso a irin waɗannan tsibirai ba su da yawa, ka tabbata malamin yana nan a makon da za ka zo. Tambaye su ko suna ɗaukar iskar oksijin ta gaggawa a cikin kwale-kwale, kuma ina ne ɗakin matsi mafi kusa, wato ɗakin ƙarfen da ake sa wanda ya taso da gaggawa iskar naitirojin ta yi kumfa a jininsa. Rashin hayaniyar da ya ba ka sha'awa shi ne kuma rashin babban asibiti. Saboda haka ka sayi inshorar da ta ambaci nutso da sunansa da kuma ɗaukar mara lafiya a jirgi, don inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa tana cire shi. In suka amsa maka da kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

*

Wani saurayi daga Kusiri: "Yaya, na ga kayan nutso cikakku a gwanjo a Injamena, har da tukunya da abin shaƙa, a farashin banza. In saya in ajiye?"

Ƙanena, araha ba ta ado. Abin shaƙar nan, wanda wasu Faransawa biyu, Cousteau da Gagnan, suka ƙera a 1943, aikinsa shi ne ya karɓi iskar da aka danne har kusan ninki 200 na matsin iskar duniya a tukunya ya sassauta ta daidai bakinka. Cikinsa robobi ne ƙanana da ke bushewa su tsage, kuma ka san abin da zafin Afrilu ke yi wa roba a garinmu. Ana kai shi wurin gwani lokaci-lokaci a buɗe a sake su. Wa zai buɗe maka shi a Kusiri? Tukunyar ma tana da ranar gwaji da ake bugawa a wuyanta, in ta wuce babu mai hankalin da zai cika maka ita, kuma ba a shiga jirgin sama da ita a cike. Duk wurin nutso suna ba da hayar waɗannan, yawanci ma a cikin kuɗin karatun suke.

Abu ɗaya na yarda ka mallaka: tabarau na ruwa. Fuska ba ɗaya ba ce, na haya na iya yi maka yoyo tun daga farko har ƙarshe. Ɗora shi a fuska ba tare da ka sa igiyar ba, ja iska kaɗan ta hanci, ka saki hannu. In ya manne, naka ne. In ya faɗo, ajiye shi ko da kyauta aka ba ka. Gilashin ya zama mai tauri irin wanda ba ya fashewa da kaifi, ana rubutawa a jikinsa. In kana da gashin baki, aske layin da ke ƙarƙashin hanci, ta nan ruwa ke sata.

*

Wata malamar makaranta daga Marwa: "Ni da maigidana za mu je da yara biyu. Babbar shekarunta 12, ƙaramin 9 kuma yana da sikila. Ni kuma ina tunanin sutura."

Malama, ta sutura ba ta da wuya. Rigar nutso tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, akwai hula mai haɗe da wuya, kuma ana sayar da kayan iyo na mata Musulmi da ake ɗorawa a kai. Mayafi mai yawo ne kaɗai ba ya yi, yana sarƙe bututu. Tambaya tun daga gida ko suna da malama mace.

Babbar ta isa, daga shekara 10 ake fara karɓar yara. Ƙaramin kuwa ko ya kai shekarun ban ba ki shawara ba. Sanyin ruwa da bushewar jiki da wahala suna daga abubuwan da ke tayar da ciwon sikila, kuma likitocin nutso ba sa sa wa mai ita hannu. Haka mai farfaɗiya, haka mai juna biyu. Mai asma sai likita ya gwada shi. Kada ki ji ya yi asara: a ruwa mara zurfi, da rigar ceto da tabarau, babansa na riƙe da shi, zai ga kifin da zai ishe shi labari har ƙarshen zango, in likitansa ya amince da tafiyar. Ku ɗauki katin allurar shawara, kuma in za a rubuta muku maganin rigakafin zazzaɓin sauro ku gaya wa likita za ku yi nutso, don akwai wanda ake kira meflokin da ke sa jiri.

*

Tambayar ƙarshe daga Ngawundare ta zo, gajeriya: "Jirgina na dawowa da safe ne. Zan iya nutso jajiberin ranar da yamma don kada in yi asarar kwana?"

A'a. Naitirojin da jikinka ya sha a ƙasa bai gama fita ba, jirgi kuma yana rage matsin da ke kanka. Ƙa'idar ita ce aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in ka jera kwanaki kana yi, yawancin malamai ma cewa suke a ba shi kwana guda cur. Ɗan ƙaramin jirgin da zai fitar da kai daga tsibirin shi ma yana cikin lissafi. Ranar ƙarshe ka shanya kayanka, in a Moheli kake ka shiga kasuwar Fomboni, babban garin tsibirin, ka sayo wa mutan gida kanumfari da banila.