Tambaya da Amsa: Maganin farfaɗiya ya canza min ɗana

Salamu alaikum likita, dan Allah ina neman shawara, yarona shekararsa 6, wata uku kenan da aka ɗora shi kan phenobarbitone, alhamdulillah faɗuwar ta ragu sosai amma wallahi yaron ya koma kamar ba shi ba, baya zama waje ɗaya, abu kaɗan sai ihu da jifa da kofi, jiya har cizon ƙanwarsa ya yi, malamarsu ta islamiyya ma ta kira ni. Kakarsa ta ce iska ce a daina maganin. Ya zan yi?
Wata uwa daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ba iska ba ce, sanannen abu ne. Phenobarbitone yakan sa babba barci, amma yaro sau da yawa akasin haka yake yi masa, rashin natsuwa da saurin fushi da kasa maida hankali a aji. Wani maganin farfaɗiyar, levetiracetam, wato Keppra, shi ma yana sa wasu yaran faɗa da ƙunci.

Amma dan Allah kar ki tsayar da maganin da kanki, yanke shi lokaci ɗaya na iya jawo jijjiga mai tsawo wadda ba ta tsayawa, kuma tana iya kisa. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta lokacin da ya sha magani da lokacin da rigimar ke tashi da yadda barcinsa yake, ki kai wa likitansa cikin satin nan kar ki jira ranar da aka ba ku. Zai iya rage adadin ko ya canza masa wani a hankali. Kuma ki daure kar a doke shi, ba da gangan yake ba. In jijjiga ta wuce minti 5 a ruga asibiti.