Bil ɗin Amazon na cinye mini riba, in koma wani kamfani?

Tambaya: Ina da kamfanin wakilan POS a Kano. Bayanan cinikinmu, kusan gigabait 500, suna ajiye a S3, rumbun ajiyar bayanai na Amazon a intanet, muna bincika su da Athena, manhajar Amazon da ake yi wa tambaya ta lalubo amsa a cikin bayanan. Ɗan yayana ne ya haɗa mana. Yanzu bil ya kai dala 1,500 a wata, rahoto kuma sai an gaji da jira. In canza kamfani ne?

Amsa: Alhaji, duk inda ka kwashi kayan nan a haka, bil ɗin zai bi ka. Kuskurenka ɗaya ne, kuma yana ba ni takaici: ka sakar wa yaro ragama, ba ka taɓa buɗe takardar bil ka ga a kan me ake cajinka ba. Da buhunan shinkafa ne a sito, ai da ka ƙirga.

Ajiyar gigabait 500 kamar dala 12 ce a wata. Kuɗinka a wajen karatu yake tafiya, domin Athena na cajin dala 5 kan kowane terabait da ta karanta. In fayilolin CSV ne, wato zallar rubutu layi-layi, jibge wuri guda, tambayar cinikin jiya kaɗai sai ta sa a karance komai tun daga ranar da kuka buɗe. A yi haka sau 20 a rana, terabait 10 ke nan, dala 50. Sau kwana 30 fa?

Ka zaunar da ɗan yayan naka a gabanka. A juya bayanan zuwa Parquet, wani tsarin fayil da ke matse su, ya kuma bari a ɗauko ginshiƙan da ake buƙata kawai. A rarraba tebur bisa kwanan wata, kowace tambaya ta faɗi ranar da take nufi. Kada ya yi zarbaɓi ya rarraba bisa lambar wakili, sai a wayi gari da dubban ƙananan fayiloli, su ne masu jawo jinkirin. A riƙa haɗe su, kowane ya kai kamar megabait 128 ko fiye. In teburin Iceberg ne (wani tsarin shirya teburin bayanai), umarnin OPTIMIZE na yin wannan, VACUUM kuma ya share tsofaffin da ba a amfani da su.

Yau ɗin nan a sa iyakar abin da tambaya ɗaya za ta iya karantawa, Athena na da wurin saita shi. Sanarwar kashe kuɗi kuma ta riƙa shigowa wayarka, ba tasa kaɗai ba.