Ni ma ban yi kimiyya ba, amma an ɗauke ni koyon rubuta manhaja

Ɗan'uwa, ka ce ɓangaren adabi ka yi a sakandare, ko ajin kwamfuta ba ka taɓa zama ba, kana tambaya ko akwai kamfanin da zai ɗauke ka a matsayin ɗan koyo a aikin rubuta manhaja. Akwai. Ni ma ta wannan ƙofa na shigo, yanzu kuma ina cikin masu tantance 'yan koyo a wurin aikinmu.

Ka riƙa karanta tallar gurbin da idon basira. Da yawansu lissafi da harshe na matakin sakandare kawai suke gindayawa. A Jamus doka ba ta wajabta wata takardar makaranta ba ga mai son horon Fachinformatiker (wato koyon sana'ar kwamfuta a kamfani) na shekara 3, a Ingila ma kamfani ne ke tsara nasa sharuɗɗan. In ka ga "an fi son mai kimiyya", to an fi so daban, dole daban, ka tura takardarka. Wasu za su watsar da kai tun ba su buɗe ta ba. An yi mini haka a wani wuri, amsar ƙi ta dawo kafin awa guda, wallahi ta yi mini ciwo. Na share ƙwalla na nemi wani.

Abin da ya tsaya mini a madadin satifiket ƙaramar manhaja ce guda ɗaya. A lokacin ina aikin rubuta shigar kaya da fitarsu a wani rumbun ajiya, kullum lissafi na rikicewa a littafi. Da dare nake bin CS50, darasin kimiyyar kwamfuta da Jami'ar Harvard ta saka kyauta a intanet, wanda David Malan ke koyarwa. Harsunan rubuta manhaja ake bi ɗaya bayan ɗaya: da Scratch ake farawa, daga nan C, sai Python da SQL. Makonnin C ɗin nan saura ƙiris su sa in daina. Da na tsallake, na zauna na rubuta abin da zai riƙa ƙirga mana kaya. Kwana uku ina fama da matsala guda: in an shigo da kwali 12 aka ƙara 5, sai ya nuna 125. Ashe alƙaluman a matsayin rubutu nake karɓarsu, Python kuwa sai ya liƙa su wuri guda maimakon ya tara. Ranar da na gano na kasa barci don murna.

Wannan manhaja ita ta kai ni gaban masu ɗaukar aiki. Matar da ta jagoranci zaman ko kallon takarduna ba ta yi ba. Shafina na GitHub, wurin da ake ajiye aikin manhaja a intanet, ta buɗe, ta tambaye ni me ya sa na raba kaya da masu kawo su a teburan bayanai biyu a cikin manhajar. Na yi bayani gwargwadon fahimtata. Sai ta miƙo mini alƙalami in rubuta FizzBuzz a allo: ka jero 1 zuwa 100, wanda 3 ke rabawa ka ce Fizz, na 5 ka ce Buzz, wanda duka biyun ke rabawa ka haɗa su. Hannuna na rawa na fara da duba 3. Ta yi shiru, ta ce in gwada da 15. Ina bi da baki layi-layi na ga Fizz kawai zai fito, na ce na yi kuskure, na sake jeri. Bayan na fara aiki ta gaya mini wannan gyaran ne ya sa suka ɗauke ni. Ɗan koyo suke nema, sun san bai iya ba tukuna, so suke su ga yadda yake yi in ya kakare.

Yanzu da nake ɗaya ɓangaren teburin, abin da ke sare mini gwiwa shi ne mutum ya kawo manhajoji goma, duk kwafen darasin YouTube, ko waɗanda ChatGPT ya rubuta masa, a nuna layi ɗaya a ce me wannan ke yi, ya yi tsuru-tsuru. Gara guda ɗaya mai rauni wadda ka san cikinta da bayanta. Ka koyi Git, manhajar da ke adana tarihin duk gyaran da ka yi wa aikinka, tun yau, ka riƙa adana aikinka kaɗan-kaɗan, domin tarihin wata shida a GitHub shaida ce a gare ka. In gina shafukan intanet ka fi so, darussan freeCodeCamp da The Odin Project kyauta ne. Ka ɗauki ɗaya ka kai shi ƙarshe, tsalle daga wannan darasi zuwa wancan ya cinye mini wata huɗu a banza.

Lissafi kada ya firgita ka. Aikin yau da kullum tarawa ne, kaso cikin ɗari, ragowar rabawa, da tunanin "in kaza ne a yi kaza". Mai zurfin sai a fannoni irin su ƙirƙirarriyar basira da zanen wasannin kwamfuta. Adabin naka ma kada ka ɓoye shi. Rabin wuninmu karatu ne da rubutu, ka fahimci abin da mai aiki ke so, ka bayyana wa abokin aiki matsala ya gane. Na ga ƙwararru da yawa da wannan ke kayarwa.

In an kira ka, kai ma ka yi tambaya: wa zai riƙa duba kod ɗina (rubutun manhajar da na yi), kuma sau nawa a mako zan zauna da shi? Wurin da suka kasa amsa wannan, lebura mai araha suke nema. Wanda kuma ya ce ka biya kafin ya ba ka gurbi, makaranta yake sayarwa, ɗan koyo na gaskiya shi ake biya.

Faɗa mana aikin da kake yi yanzu da abin da ya fi ba ka wahala a cikinsa, mu taya ka zaɓen manhajar farko daga nan.